Muryar da ke Layi na Uku

Darmanawa, Tarauni
Talata

Zuwa ga Baba Maje,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da duk mutanen Gyaɗi-Gyaɗi. Yaya kunne? Allah ya ƙara sauƙi. Na san kiran waya ba ya yi maka amfani yanzu, kuma ka taɓa cewa rubutun cikinta kamar sawun kiyashi yake a idonka. Shi ya sa na yago takarda daga littafin makarantar Hanan. Maƙwabcinmu Auwalu mai adaidaita ne zai kawo maka, kullum ta ƙofar situdiyonka yake wucewa.

Yau kwana tamanin da biyu da rasuwar Abban Hanan, yaron da ka koya wa haɗa sauti tun yana ɗan sakandare. Saura kwana arba'in da takwas in fita takaba. Tun ranar da aka fita da shi ban taka ko soro ba. Gwaggo Safiya ta tare a wurina. Mutuniyar kirki ce, amma ko labule na ɗaga sai ta yi gyaran murya. Na ƙirga tayil ɗin falona har na san wanda ya tsage.

Na gode da ka sa aka kawo min kwamfutarsa. Nakan kunna ta da hantsi in an kawo wuta, in sa abin kunne. Gwaggo ta ɗauka karatu nake saurare, ni kuma ban gyara mata ba, Allah ya yafe min.

Aikinsa na ƙarshe na buɗe, wato waƙata, wadda muka ɗauka ranar Litinin ɗin nan kana zaune. Layi uku ne a ciki. Na farko kiɗa, na biyu muryata, na uku ya rubuta masa eko. Na sauke kiɗan, na sauke muryata, na bar na ukun kaɗai. Sai na ji amon muryata yana maimaita kansa, wannan ban yi mamaki ba. Amma Baba, duk inda na tsaya jan numfashi, akwai muryar namiji a ƙasa, can nesa, kamar mai magana a cikin rijiya. Ban iya tsintar kalma ko ɗaya ba. Muryar ce dai na sani.

Shi yana bayan gilashi, ni ina ɗakin ɗauka ni kaɗai. Ta ina muryarsa ta shiga? Na yi addu'o'in da na sani, na sake kunnawa, tana nan. In zaman ɗaki ne ya fara taɓa min kai, ka faɗa min gaskiya, zan ɗauka.

Ka gaida Hajiya. Na bar ka lafiya.

'Yarka,
Huraira

Gyaɗi-Gyaɗi
Alhamis

Zuwa ga 'yata Huraira,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta same ni lafiya, na kuma ji daɗinta, don an daɗe ba a yi min magana na fahimta daga farko har ƙarshe ba. Yaya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Suhaibu, ya sa can ta fi masa nan, ya raya Hanan.

Kanki lafiya lau yake, kuma babu aljani a kwamfutar nan. Shekara talatin ina wannan sana'a, duk aljanin da na taɓa kamawa a situdiyo, da na bi sawunsa sai in tarar maɓalli ne.

Bari in warware miki. Masu gaggawa sukan ɗora eko kai tsaye a kan murya, su dama su wuri ɗaya, daga nan har abada ba a raba su. Ni ba haka na koya wa yarana ba. A kan miksa, wato teburin haɗa sauti, kowane makirufo yana da wani ɗan maɓallin murɗawa da aka rubuta SEND a kansa, ni aike nake ce masa. Kamar ki yi tuwo ne ki ɗibi malmala ɗaya ki aika maƙwabta, tukunyarki tana nan a gida. Muryar tana nan yadda Allah ya yi ta, ɗan kaso ne kawai ake aikawa injin eko, abin da injin ya dawo da shi kuma a ajiye shi a layinsa daban. Shi ne layinki na uku. Lokacin ɗauka ba ma sauraronsa, ko mu ko mawaƙi, don eko yana ruɗin mutum ya ɗauka ya iya. Kai tsaye yake wucewa cikin kwamfuta sai ranar haɗawa.

To, mai haɗa sauti ma yana da nasa makirufon a kan tebur, wanda yake yi wa mawaƙi magana da shi. In ya gama sai ya sauke fedarsa, wato abin nan da ake turawa sama da ƙasa, shi ke nan ba mai jinsa. A ƙa'ida in feda ta sauka, aike ma ya tsaya. Amma kusa da aiken akwai wani ɗan maɓalli mai rubutun PRE. In an danna shi, aike ba ruwansa da feda. Kin rufe ƙofar gaba, tuwo yana fita ta ƙofar baya. Ranar nan wannan maɓallin a danne yake a kan makirufon Suhaibu. Ta nan ya shiga.

Na amsa tambayarki. Yanzu ga shawarar tsoho, wadda ba ki tambaya ba. Abin da mutum ya faɗa yana zaton ba mai jinsa, ba a gidan kowa aka aika shi ba. Garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Ki rufe aikin nan, ki yi masa addu'a, ita ce ke isa inda yake.

Hajiya tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci. Wassalam.

Babanki,
Maje

Darmanawa
Asabar

Baba,

Barka da war haka, ina fatan ka tashi lafiya. Na karanta takardarka sau uku. Na gane tuwon, na gane ƙofar baya. Shawarar ce ban iya haɗiyewa ba, kuma zan faɗa maka dalili, abin da ko Gwaggo ban faɗa wa ba.

Ka san a situdiyon nan ya same ni ina amshi. Da muka yi aure na ajiye waƙa don kaina, ba wanda ya tilasta min. Shekara shida sai a kicin nake rerawa. Wannan waƙar ni na rubuta ta, wata biyu ina lallaɓa shi kafin ya yarda ya ɗauka. Ka ga abin da ya faru da idonka, amma ba ka ji ba. Duk lokacin da na kai ƙarshe sai ya ɗaga feda ya ce, "Sake." Ba ya cewa ga inda na kuskure. Sake kawai. Sau goma sha tara, Baba. A ta ƙarshen na tambaye shi me ke damun muryar, ya ce, "Ta kwana biyu a ajiye, sai dai eko ya rufa mata asiri." Na cire abin kunne na ajiye, na ja ƙofa na fito.

Daga nan na ɗauke masa wuta. In ya yi sallama in amsa a ciki, in ajiye abinci in bar wurin. Har saƙonnin muryarsa da ke wayata na bi na goge tas, don haushi. Na san ba a wuce kwana uku ana gaba, shi ya sa na ƙudurta ranar Alhamis da yamma zan sauko. Na jiƙa tsakin dambu tun da safe, don shi yake so. Da hantsi aka kira ni aka ce mota ta buge babur ɗinsa a titin Zariya.

Ka ga inda nake. Maganarsa ta ƙarshe da na tsaya na saurara ita ce wannan ta rufin asiri. Da ita nake kwana, da ita nake tashi, kuma ba ni da inda zan fita in sha iska in manta. In abin da ke layi na uku ya fi ta muni, to na san matsayina. In bai kai ta ba, na samu abin da zan musanya ta da shi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kuma akwai abin da ya tsaya min. Abban Hanan mutum ne da ko fitilar banɗaki ba ya mantawa a kunne. Kafin ya fara ɗauka sai ya bi maɓallan miksa ɗaya bayan ɗaya da yatsa, na sha tsaya ina jiransa. Yaya aka yi ya bar wannan a danne?

Ka yi haƙuri da tsaurin idona. A gaida Hajiya, a ce mata ina ci.

Huraira

Gyaɗi-Gyaɗi
Laraba

'Yata Huraira,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Na jinkirta amsa, ba don Auwalu bai zo ba. Kullum sai ya tsaya ya yi min alama da hannu, in ce masa gobe.

Kin kama ni. Ba Suhaibu ne ya danna ba, ni ne. Tun da kunnena ya tafi, shekara huɗu ke nan, nake zuwa situdiyon nan in zauna kamar kujera. Yaran suna girmama ni, amma ba abin da nake tsinanawa. Abu ɗaya ya rage da nake yi don in ji ni ma ina cikin sana'a, shi ne gwada injin eko. Da can da kunne nake gwadawa. Yanzu sai in danna PRE a makirufon tebur, in murɗa aike, in ƙwanƙwasa kan makirufon da yatsa, in ga fitilun injin sun yi tsalle. In sun yi, in ce lafiya. An ce gani ya kori ji, to ni a kaina aka yi wannan karin maganar. Ranar nan ya gama bin maɓallansa ya fita ya shigo da ke, ni kuma na lallaɓa na yi gwajina, na manta ban mayar ba. Abin da na kori yara a kansa a da, shi na yi da furfurata.

Wani abin kuma. Da ni yake maganar. Ina gefensa, ina ganin bakinsa yana motsi, yana juyowa yana kallona. Ya daɗe yana yi min haka. Mutane sun gano kurma wurin ajiya ne mai kyau, sai su zo su juye min abin da ke cikinsu su tafi, ni kuma in gyaɗa kai. Na gyaɗa masa kai ranar nan ban san me na amince da shi ba. Tun rasuwarsa abin yake cina. Da na ce ki bari, har da tsoron kaina a ciki.

Tunda kin dage, ga hanya. Kada ki wahalar da kanki a tsakiyar waƙa, muryarki ta danne tasa. Ƙarshen kowace ɗauka za ki nema. Na koya masa kada ya tsayar da ɗauka sai wutsiyar eko ta mutu, shi kuma ya mayar da abin al'ada, yakan bar ta tana tafiya minti ɗaya ko fiye. Kina gama rerawa yake sauke fedarki. Aikenki yana bin feda, don haka amonki zai yanke. Nasa ba ya bi. A wannan minti ɗayan, shi kaɗai ne a layi na uku.

Ba za ki ga wurin ba yanzu, don yakan datse ƙarshen ya ɓoye, amma datsewa ba gogewa ba ce. Ki kai kibiya bakin layin daga dama, ki riƙe, ki ja shi waje, abin da aka naɗe zai warware. Sai ki ɗaga ƙarar layin sosai, don kaɗan na murɗa aiken. Za ki ji kowace kalma sau biyu, haka na saita injin.

Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Duk abin da kika ji, ki tuna mutum ne ya faɗa a ranar da bai san saura masa kwana uku ba. Ki yafe min.

Babanki,
Maje

Darmanawa
Litinin

Baba,

Ina gaisuwa. Babu abin yafewa a tsakaninmu.

Ranar da takardarka ta zo aka yi ruwan nan mai iska, wani abu ya faɗi a layinmu, kwana huɗu ba wuta. Janareto yana nan, amma wa zai tayar da janareto a gidan takaba don matar mamaci ta kunna kwamfuta? Na zauna ina kallonta tana kallona.

Yau da safe aka kawo. Na ja bakin layin kamar yadda ka ce, ya warware. Ga zanen maganar nan ina gani, ƙanana ƙanana kamar haƙoran zarto, a bayan ɗauka ta farko, da ta bakwai, da ta ƙarshe. Na ɗora yatsa zan kunna, na kasa. Na tashi na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Abu ɗaya zan tambaye ka. Kai da ka ga fuskarsa, yaya take?

Huraira

Gyaɗi-Gyaɗi
Talata

'Yata,

Na so in ce miki murmushi yake yi, amma ban saba yi miki ƙarya ba. Bai yi kama da mai fushi ba, bai yi kama da mai jin daɗi ba. Yana ta murza zoben hannunsa. Iyakar abin da na gani ke nan.

Ki yi bismillah ki kunna. Ni ba ni da yatsan da zai kunna min kunnena.

Maje

Darmanawa
Alhamis

Zuwa ga Baba Maje,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Na kunna jiya bayan azahar, Gwaggo tana barcin rana. Da kai yake magana, don haka amanarka ce, ga ta na kawo maka. Na rubuta yadda ya faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba.

Bayan ɗauka ta farko ya ce: "Malam, ka ga ikon Allah? Shi ke nan fa, wannan ta yi. Ko numfashi ba sai na gyara ba. Wallahi in na sa wa muryar nan eko na cuce ta." Sai na ji ƙarar feda, wato lokacin da ya ce min in sake.

Bayan ta bakwai ya ce: "Na san ba ka jina, shi ya sa nake faɗa maka. In muryar nan ta fita gari, an gama. Kowa zai neme ta, ni kuma in koma mai danna mata maɓalli. Tsoro nake ji, Malam. Shekara shida ni kaɗai nake jin ta a kicin."

Bayan ta goma sha tara akwai ƙarar ƙofar da na buga, ita ma sau biyu. Sai kujerarsa ta riƙa ƙara. Can ya ce, "Kai, Suhaibu." Daga nan ya tsayar.

Baba, na yi kuka har Gwaggo ta farka. Da kukan ya lafa sai haushi ya zo, irin wanda ban taɓa ji ba. Ashe tun ta farko na iya, ya bar ni ina sakewa har maƙogwarona ya bushe, ya bar ni da maganar da ya san ƙarya ce. Da yana nan da sai mun yi wata gabar ta kwana uku. Amma da ranar Alhamis ɗin ta yi, da na dafa masa dambunsa, da na zaunar da shi na ce, kai wawan Allah, wa ya ce maka mai danna maɓalli ƙaramin mutum ne a wurina?

Na yafe masa. Na faɗa da bakina a ɗakin nan, da ƙarfi, har Gwaggo ta ce amin ba ta san kan zancen ba. Ina roƙon Allah ya sa shi ma ya yafe min kwana ukun nan.

Saura kwana talatin da biyu. Ban san ko zan fitar da waƙar ba, wannan sai na yi shawara da kaina. Amma ina so a haɗa ta, ɗauka ta farko, ko don Hanan. Layi na uku kuma kada kowa ya taɓa min shi, ita kaɗai ce muryarsa da ta rage min.

Ka gaida Hajiya. Na gode da mantuwarka.

'Yarka,
Huraira

Gyaɗi-Gyaɗi
Juma'a

'Yata Huraira,

Wa alaikumus salam. Na karanta a bakin situdiyo, na shiga ciki na zauna a kujerar da na zauna ranar nan, na sake karantawa. Shekara huɗu rabona da jin muryar yaron nan. Yau na ji ta.

Ranar da kika fita, in kin gama zagayen 'yan'uwa, ki biyo ta nan da kwamfutar. Ke ce kunne, ni ne hannu. Aiken muryarki zan murɗe shi har ƙasa, ba eko, kamar yadda mai aikin, Suhaibu, ya ce.

Allah ya kai mu.

Babanki,
Maje